Godiya ga ƴata da duk wanda ya sa hannu a daren shekaranjiya

Alhamdulillah. Jama'a ku yi haƙuri yau zan ɗan ja rubutu, don tun shekaranjiya da daddare abin yake cina a rai kuma na ga in ban faɗa a gaban mutane ba ban kyauta ba.

Waɗanda suka san ni sun san sama da shekara ashirin ke nan ina jan tasi a New York, yawanci aikin dare, kuma duk wanda ya taɓa shiga motata bayan sha biyun dare ya san muryar wa zai ji, mawaƙin nan na Amurka Bruce Springsteen. Wani fasinja ne ya fara manta kaset ɗinsa a motata lokacin ina sabon zuwa, na saka don ya raka ni hanya, shikenan ya zama abokin aiki. Sau nawa na kai mutane filin wasa na MetLife a New Jersey za su je kallonsa shi da ƴan ƙungiyarsa E Street Band, in sauke su in juyo, wani lokacin in dawo ɗaukar wasu bayan wajen awa huɗu suna fitowa muryarsu duk ta dishe. Ban taɓa shiga ba ko sau ɗaya, kullum akwai kuɗin haya, akwai kuɗin makaranta, akwai na gida da suke jira.

To babbar ƴata, wadda nake kira Mamana, ashe tana lura. Ita ce ta sayi tikiti biyu na wasan da yake yi shi kaɗai a gidan wasa na Walter Kerr da ke titi na 48, wanda ya fara tun Oktoban 2017 ana ta ƙara masa wa'adi saboda yawan masu nema. Tikitin nan a 2018 daga dala 75 ya fara har zuwa dala 850, kuma na ƙasan ma samunsa sai mai rabo. Na tambaye ta nawa ta biya ta ce Baba ka bar maganar, amma dai ni na ga yadda ta dinga karɓar ƙarin aikin dare a asibiti wata da watanni tana dawowa idonta jawur, na ɗauka kuɗin mota take tarawa. Mamana, Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Wurin ƙarami ne, kujerun ba su kai dubu ɗaya ba, mutumin da ya saba tsayawa gaban dubun dubatar jama'a. Kan dandamalin ba wani ado, bango baƙi, akwatunan kayan kiɗa a jibge a baya, fiyano guda ɗaya, makirufo. Ya fito da baƙar riga mai gajeren hannu, dattijo ɗan shekara 69, mutane suka ɗauki kiran sunansa suna ja, Bruuuuce, har Mamana ta kama hannuna ta ce Baba ihun kora suke masa? Na ce a'a haka masoyansa suke gaishe shi tun da can. Daga nan wuri ya yi tsit. Wallahi kana jin ƙarar yatsansa in ya zame a kan tsirkiyar jita, kana jin numfashinsa kafin ya busa ɗan abin busan nan da yake ratayawa a wuya. Akwai inda yake matsawa ya bar makirufon gaba ɗaya ya ci gaba da magana da muryarsa kawai, kuma muna can sama muna ji ras kamar a falo muke zaune da shi.

Sama da awa biyu babu hutu, rabi waƙa rabi labari. Ya ba da labarin Freehold, garin da ya tashi, da wata babbar bishiya a ƙofar gidansu da yake hawa yana yaro, da yadda ya ga mawaƙi Elvis Presley a talabijin yana ɗan shekara bakwai ya matsa wa uwarsa har ta je ta yi masa hayar jita, ya kasa kaɗawa aka mayar. Ya faɗa da bakinsa cewa shi bai taɓa aiki a masana'anta ba duk da ya ƙare rayuwarsa yana waƙar ma'aikata, rayuwar babansa ya ara, har kayan aikin uban yake kwaikwaya in zai hau dandamali. Ni wannan gaskiyar da ya faɗa ta ƙara masa girma a idona.

Waƙarsa ta 1984, Born in the U.S.A., shekaru na yi ina ɗauka kirari ce yake wa Amurka, don haka ake kaɗa ta da ganguna ana ɗaga tuta. A daren nan kafin ya fara sai da ya kira sunayen abokansa makaɗa na ƙuruciya da suka tafi yaƙin Biyetnam ba su dawo ba, yaƙin da ya ci sojan Amurka sama da 58,000, ya ce shi an kira shi bai tsallake gwajin lafiya ba kuma har yau yana tunanin wa ya tafi a madadinsa. Sannan ya ɗauki jita mai tsirkiya sha biyu ya rera ta a hankali, murya a shaƙe, ta koma kukan sojan da ya dawo gida ya rasa aiki ya rasa mai kallonsa. Ba wanda ya yi motsi. Ya kuma tuna Clarence Clemons, babban baƙin mutumin nan mai busa saksofon da suka yi kusan shekara arba'in tare ya rasu 2011, matarsa Patti Scialfa ta fito suka yi waƙa biyu ta koma.

Amma inda ya kama ni shi ne maganar babansa. Mutum ne mai shiru, ya yi aikin masana'anta ya yi tuƙin bas, yana fama da ciwon damuwa a lokacin da ba a san ma sunan ciwon ba a gidajen talakawa. Ya faɗi yadda uwarsa take tsayar da mota ta aike shi cikin mashaya ya kira uban, yaro ƙarami yana ratsa ƙafafun manya har ya je ya ja masa wando. Ɗa ne da ya yi shekaru yana neman kalma ɗaya daga bakin ubansa. Kowa a wurin na san kansa yake gani a matsayin ɗan, ni kuwa sai na ga kaina a kujerar uban. Ban taɓa shan giya ba, ban taɓa barin gidana da yunwa ba, amma shirun nan na san shi. In shigo da asuba yara suna shirin makaranta, in ce kun yi sallah, kun ci abinci, in shige in kwanta. Shekara ashirin. A raina na ɗauka in dai na biya komai to na gama magana. Ina zaune hawaye yana zuba ban ma sani ba, sai ji na yi Mamana ta ɗora kanta a kafaɗata, rabon da ta yi haka tun tana firamare.

Akwai wani dattijo Bature da ke zaune a damana, ya ce daga New Jersey ya zo kuma tun shekarun 1970 yake bin wasan mutumin nan. Bai san ni ba ban san shi ba, ya zaro hankici mai tsabta ya miƙo min ba tare da ya juyo ya kalle ni ba, don kar in ji kunya. Da aka tashi na so in mayar ya ce in riƙe. Ba ya jin Hausa kuma ba zai ga wannan rubutun ba, amma na gode masa. Haka matar da ke nuna wa mutane kujera, da ta ga yadda nake ɗingishi a matakala saboda gwiwata ta tsaya ta jira ni da ƴar tocilarta har na zauna.

Godiya ga uwargida, da ta riƙe sirrin nan wata uku cur muna gida ɗaya ko a fuska ban gani ba, ita ce ma ta goge min kaya ta ce yau kai za a kai ba kai za ka kai mutane ba. Allah ya bar mu tare Hajiya. Da abokin aikina, yayana a wannan sana'a, wanda ya karɓi fasinjana na filin jirgin JFK a daren kuma ya ƙi karɓar ko sisi, ya kawo min kuɗin cif da safe. Yaya Allah ya saka da alheri, ya tsare maka hanya.

Shi ma mawaƙin ina masa godiya. Ya yi maganar mahaifiyarsa mai shekara 93 da ciwon mantuwa ya kama, ya ce har yanzu in ta ji kiɗa sai ta nemi tashi ta taka. A ƙarshe ya koma kan bishiyar nan, ya ce ya je garinsu ya tarar an sare ta, ya rufe da addu'ar da ya koya a makarantar coci yana yaro. Addinina daban nasa daban, amma na gane mutum ne yake tuna matattunsa, ni ma a zuciyata na yi wa nawa addu'a.

A jirgin ƙasa muna komawa gida Mamana ta ce Baba kai yaya naka baban yake? Ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Na fara ba ta labari, muka wuce tasharmu da tasha biyu ba mu lura ba, muka sauka muka tako da ƙafa cikin sanyin nan ina ta magana tana ta tambaya, har ƙofar gida ban gama ba.

Za a rufe wasan ranar 15 ga Disamban wannan shekara ta 2018, washegari kuma Netflix za su saka shi. Na riga na gaya wa ƙannenta maza biyu cewa ranar ba zan fita aiki ba, tare za mu zauna mu kalla, kuma akwai sauran labarin kakansu da ban ƙarasa ba.