Zanen Fure da Fentin Mai: Yadda Muke Yinsa a Shago

Fure ba ya jiran mai zane. Wardin da aka tsinko da safe, kafin la'asar ya buɗe, gobe ya sunkuyar da kai. Shi ya sa salon da ya fi dacewa da shi shi ne na masu zanen Faransa da suka baje kolin ayyukansu a Faris a 1874, su Claude Monet da Renoir da Berthe Morisot, salon da ake kira imfireshanizim. Ba sa tsayawa ƙirga ganyen fure ɗaya bayan ɗaya. Haske suke bi, da yadda launi ke shiga ido a kallon farko. Abin da ya sauƙaƙa musu saurin shi ne fentin cikin bututun ƙarfe da ake matsewa, wanda Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro a 1841.

A shagonmu hoton fure ya fi komai fita, domin da yawa daga masu saye ba sa rataye hoton mutum ko dabba a falo, fure kuwa babu mai ƙyamarsa. Girman da aka fi nema santimita 40 da 50 ne.

Ana ja kanbas, wato yadin da ake zane a kai, a jikin firam ɗin katako, a shafa farar shimfiɗa, wato farin shafen da ke toshe zaren yadin, sau biyu ko uku, kowace ta bushe kafin ta gaba. Wanda ya tsallake wannan, man fenti zai ratsa zaren yadin ya ruɓar da shi daga baya. Furannin kuma a yanke karansu a karkace, a cire ganyen da zai nutse cikin ruwa, a ajiye kwalbar kusa da taga ɗaya tak, a kashe wutar ɗaki. Haske biyu inuwa biyu yake haifarwa, hoton ya rikice.

Launi shida zuwa bakwai sun isa: fari, rawaya biyu (mai haske da mai duhu), ja biyu (mai karkata zuwa ruwan goro da mai karkata zuwa shunayya), shuɗi da kore. Baƙi ba mu cika ɗora shi a faranti ba. Inuwar rawayan fure da shunayya ake yin ta, ta jan fure da ɗan kore, farin fure kuwa inuwarsa shuɗi-shuɗi ce. Idan aka zuba baƙi, furen ya zama kamar hayaƙin murhu ya buge shi.

Minti ashirin na farko, da babban burushi da fenti mai ruwa-ruwa wanda aka tsinka da tina, a dunƙule kowane fure kamar curi, a rufe bangon baya gaba ɗaya. Kada a bar bango sai ƙarshe, domin shi ke nuna ko farin furen fari ne da gaske. Daga nan fenti ya riƙa ƙara kauri da mai. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci: mai tina a ƙasa, mai maiƙo a sama. Idan aka juya, na sama zai bushe kafin na ƙasa, bayan watanni hoton ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.

Inda almajirai suka fi faɗuwa shi ne guga. Yaro zai ɗora ja mai kyau, ya ga bai yi santsi ba, ya koma ya shafa, ya sake shafawa, har ja da koren ganye su gauraya su koma ruwan ƙasa. Taɓi ɗaya, a ɗaga hannu, a goge burushin da tsumma. Launuka biyu da ke gefe da gefe idon mai kallo ne zai haɗa su daga nesa, don haka kowane minti goma a ja da baya taku uku a duba. Idan wuri ya lalace, a kankare shi da wuƙar fenti har ƙasa a sake, ya fi a yi ta lafta sabo a kan taɓo. Fure biyu ko uku kawai ake fitar wa da gefe mai kaifi, sauran a bar su su narke cikin bango. Kwalbar gilashi ma ba a zana ta duka: layin ruwa, karan da ya bayyana kamar ya karye a cikinsa, da ɗigon fari mai kauri guda ɗaya. Furannin da mai zanen Faransa Édouard Manet ya zana a ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a 1883, nan ne za a koyi wannan.

Awa uku a zama ɗaya sun isa, bayan haka rana ta juya, inuwa ta sauya wuri.

Bushewa ita ce ke jawo rigima da masu saye. Saman fenti yana kamewa cikin kwana biyu zuwa mako biyu, wuraren farin mai kauri su ne na ƙarshe, amma banis, wato man da ake shafawa a sama don kare hoton, sai bayan wata shida. Mai gaggawa mukan ba shi hotonsa bayan mako uku, ya dawo da shi daga baya a shafa. Da hunturu kuwa ana jingina ɗanyen hoto fuskarsa na kallon bango, da ɗan katako a tsakani don kada ya manne, saboda ƙurar da ta hau ɗanyen fenti ba ta sake fita.