Abin da akwatin Masta ya koya mini a Nima

A wani ƙaramin situdiyo a unguwar Nima, a birnin Accra na Ghana, na koyi ɗaukar sauti. Aikinmu wa'azi ne, da tallar maganin gargajiya da ake sawa a rediyo, sai waƙoƙin suna da biki. Na'urar da Masta, maigidana a situdiyon, ke taƙama da ita Digi 001 ce, ta kamfanin Digidesign, wadda ta fito a 1999. Kwance ce, ƙaninsa ya aiko masa da ita daga Amurka. Kati ake cusa wa a cikin kwamfuta, a jona shi da akwatin da ake sa makirfo, kuma manhajar ɗaukar sautin, Pro Tools LE, ba ta buɗewa sai ta ga akwatin nan. Ko a lokacin an daina yin ta, manhajarta ta tsaya a ta 6.4.

Masta yana da wata doka da ke ba ni haushi. Kowace yamma sai na fitar da kowace murya daban, daga farko har ƙarshe, a fayil ɗin WAV, na zuba a faifai, na rubuta sunan mai aiki a kai. Idan na yi ƙorafi sai ya ce, “Yaro, akwati aro ne, murya amana ce.” Ni kuwa hankalina yana wajen ƙwallo. Sau da yawa nakan tsallake.

Ana cikin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar. Akwatin lafiyarsa ƙalau, amma katin ba ya shiga sababbin kwamfutoci. Mako uku ina zarya a kasuwar Circle ina neman tsohuwar kwamfuta mai ramin PCI, inda ake cusa katin.

A tsakanin nan wata Hajiya daga Maamobi ta zo neman karatun Alƙur'ani da mijinta ya yi a wajenmu kafin rasuwarsa. Yana cikin waɗanda na tsallake. Muryar tana nan a ma'ajiyar kwamfutar, amma gutsi-gutsi, ba tsari. Masta bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini Mus'hafi da abin sa wa a kunne, ya ce in bi aya-aya.

Kwana huɗu na yi ina jerawa. Da Hajiya ta saurara, ta ce, “Ɗana, nan ya yi tari, ka bar shi yadda yake.”