Talata, ajin yamma

Yau aji ya cika maƙil. WAEC ta ƙarato, har masu fashin zuwa sun dawo, wasu uku-uku a benci. Na rubuta musu jimla ɗaya a allo: "She scraped through the examination." Na ce a gaya mini, ta ci ko ta faɗi? Yawancinsu suka ce faɗuwa ta yi. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba scrape ne kankarewa ba? Ai an kankare sunanta ke nan."

Aka kwashe da dariya, amma na tsawatar, don yaron tunani ya yi, ba cinta ba. Na ce masa rabin hanya ya zo. Labarin yana wajen through: an shiga ta nan, an ɓulla ta can. Su tuna matsattsen lungu a cikin birni, inda sai ka karkace, kafaɗarka na gogar katanga, amma dai ka fita. Yarinyar ta ci, da ƙyar da jiɓin goshi. A ma'aunin WAEC ita ce mai C6, maki 50 zuwa 54. Da ta zame zuwa D7, babu kiredit, kuma babu jami'ar da za ta dube ta ba kiredit a Turanci. Haka ake faɗa wa ɗan takarar da ya haye da 'yan ƙuri'u, ko ƙungiyar ƙwallon da ta tsallake zagaye da bugun fenariti.

Daga nan muka taɓa dangin scrape through. Scrape by na zaman rayuwa ne, mai albashin da ke kai shi ƙarshen wata da ƙyar. Scrape together kuwa harhaɗa kuɗi ne, nan kaɗan can kaɗan. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta rubuta cewa haka mahaifiyarta ta haɗa mata kuɗin rajista, da cinikin awara da adashi. Jimlarta ba kuskure ko ɗaya, na sa ta karanta wa aji.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ba yaran nan jerin irin waɗannan kalmomi su haddace ba tare da jimla ko ɗaya ba. Ta ina za su gane?

Da dare na duba littattafansu. Da yawa sun rubuta scrapped da p biyu, wanda ke nufin an soke abu an yi watsi da shi. Da wannan zan fara gobe in sha Allah.