Manenguba ba wajen silifas ba ne

Jiya da daddare na shiga gidan Yaya a nan Nkongsamba, ƙasar Kamaru, na tarar da ɗanta yana cusa kaya a jaka, wai za su hau dutsen Manenguba su ga tafkunan nan biyu da ke can samansa. Na leƙa jakar, caja, turare, farin kambas sabo fil, sai ledar ruwa biyu. Na ce rigar sanyi fa? Ya ce "Kawu ai yini ɗaya ne, kafin magariba mun dawo." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da na ce wa Inna kenan a 2009.

Mu biyu ne ni da wani abokina, watan Agusta, tsakiyar damina. Ɗan acaɓa ya sauke mu ta wajen garin Melong sha ɗaya saura, wani mutum ya ce zai raka mu a jaka biyar, muka yi masa dariya, dutsen da muke gani kullum daga ƙofar gida shi za a nuna mana? To gaskiya ma kuɗin babu, da mun biya da sai dai mu dawo gida a ƙasa, kar a ɗauka duk girman kai ne. Amma akwai girman kan. Silifas ne a ƙafata, guzurinmu burodi da gwangwanin sadin ɗaya. Awa huɗu muna hawa cikin taɓo, dutsen nan ya haura mita 2,400, numfashi ma sai ka roƙe shi. Da muka faɗa filin da ke can sama, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, ciyawa shar, shanun Bororo da dawakai suna kiwo, na manta da duk wahalar. Tafkunan biyu ana kiransu mace da namiji. Tafki mace shuɗi ne, ya fi faɗi, ana sauka har bakinsa. Namijin kore ne, yana can cikin rami mai gangara, 'yan ƙabilar Bakossi na yankin suna girmama shi, ba a wasa a wurin. Har yau ban ga abu mai kyan wannan ba, shi ya sa ban iya cewa na yi nadama gaba ɗaya.

Muna cikin iyo a tafki mace hazo ya sauko. Ba a hankali ba, kamar an kife mana ƙwarya. Ban ganin abokina sai muryarsa, ruwa ya tsuge, silifas ɗaya ya tsinke, muka yi ta zagaye wuri guda har duhu, haƙora na kaɗawa, alwala ma ta gagara. Wani dattijo Babororo ne ya ji ihunmu ya kai mu ruga, ya hura wuta ya ba mu madara mai ɗumi, bai ce uffan ba, kallon da ya yi wa ƙafata ya isa. Inna kuwa kwana ta yi a zaure. Wannan ne ban yafe wa kaina ba.

Na so in jero muku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa ke karanta goma? Ku fita bayan sallar asuba, ƙarfe ɗaya ku juyo ko kun ga tafki ko ba ku gani ba. Ku biya ɗan rakiya, taswirar waya ba ta san hazo ba. Kar ku je da damina, ku bari sai Disamba ko Janairu, ko da yake koren nan da na gani sai da damina, to ku dai kuka sani. Kuma ku faɗa wa iyayenku ainihin inda za ku, ba ku sa a Facebook duniya ta sani uwa ba ta sani ba.

Yaron ya fita yau ƙarfe tara. Rigar sanyin da na kai masa tana nan kan kujera, wai ba ta shiga da kambas ɗin.