Na kwashe adashena na sayi RTX 3060, na ƙare ina buga gem a firem 30

Har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji wallahi. Wata biyar ina zubin adashe, ranar da na kwasa ko gida ban biya ba na wuce na karɓo katin hoto na kwamfuta (graphics card), RTX 3060 na hannu, mai 12GB, wai don in rabu da sarƙewar da gem ɗin Cyberpunk 2077 ke min.

Kwamfutar tawa tsohuwar ta ofis ce, i5-4590 ne a ciki, firosesan 2014 mai kwakwalwa huɗu, sai katin hoto GTX 1650 da na ɗora mata. A wajen gari gem ɗin lafiya lau yake tafiya, amma da na shigo tsakiyar Night City, birnin cikin gem ɗin, inda mutane da motoci suka cika sai hoto ya riƙa tsayawa yana fizga kamar mota mai shan iska a kafireto. Na sauke saitin kyawun hoto zuwa Low. Na kunna FSR, fasahar rage wa kati aikin zana hoto, daga Quality na koma Performance, ƙarshe har Ultra Performance na sa, wanda a allon 1080p asalin hoton da katin ke zanawa 360p ne kawai sai a buɗa shi, fuskar mutum ta koma kamar an shafa mata man kaɗe, wayoyin lantarki suna ta rawa, amma sarƙewar nan tana nan daram. A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Idan ka rage wa kati aiki har haka kuma ba abin da ya canza, ai ba shi ne mai laifin ba. Ni kuwa sai na ce FSR ne ba shi da kyau, DLSS, takwaransa na kamfanin Nvidia, shi ne maganin, kuma DLSS sai katin RTX. Haka na yanke wa kaina hukunci ba tare da na auna komai ba.

Ashe kashe kuɗin ma bai ƙare ba. 1650 daga jikin allon uwa (motherboard) yake shan wutarsa, wat 75, shi kuwa 3060 wat 170 yake nema da wayarsa daban, dole na sake sayen akwatin wuta (power supply). Ga inbata, da in an ɗauke wuta nakan yi doguwar hira da gem, yanzu kafin ka ce kwabo ta fara kuka.

Na haɗa, na kunna DLSS Quality, na shiga gari. Fizgar nan dai. Na sa Performance, ita ce dai. Lambar firem, wato yawan hotunan da ke fitowa a daƙiƙa ɗaya, ko motsi ba ta yi ba tsakanin biyun. Na zauna ina kallon allo kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Wani ƙanena da ke gyaran kwamfuta ne ya zo ya ce "Yaya, ka taɓa duba wa ke wahala a cikinsu kuwa?" Ya sa min MSI Afterburner da RivaTuner, manhajojin da ke nuna nauyin aikin firosesa da kati, lambobi suka fito a gefen allo. Firosesa na kan 100 cikin 100, duk kwakwalwan huɗu, katin da na kashe wa adashe kuwa yana ta hamma wajen rabi. Minti biyar fa. Manhaja ta kyauta. Da na yi wannan tun kafin in je kasuwa da kuɗina na aljihuna.

Abin da ban gane ba a da shi ne, DLSS da FSR da XeSS duk aiki ɗaya suke, rage yawan ɗigon hoton da kati zai zana sannan su cike gurbin. Kati kaɗai suke sauƙaƙa wa. Lissafin mutanen da ke yawo a titi, motoci, ƴan sanda, lodin unguwa in kana gudu da mota, duk wannan na firosesa ne, kuma ko a 360p kake yawan mutanen bai ragu ba. Jaki ne ya gaji ni kuma na je na sayo sabon mangala.

Gyaran da ya yi aiki bai ci ko sisi ba. Crowd Density, wato yawan mutanen titi, na mayar Low, nan take gari ya yi sauƙi. Ray tracing, fasahar ƙawata haske da inuwa, da na kunna don in huce haushin kuɗina na kashe shi, don shi ma yana ƙara wa firosesa kaya, ba kati kaɗai ba. Burauza da ke buɗe a baya na rufe. Sannan abin da ya fi min ciwo, na kulle firem a 30 da RivaTuner. Allona 60Hz ne ba shi da FreeSync, fasahar da ke sa allo ya bi saurin kati, to 30 ce ke raba 60 daidai, kowane firem na zuwa bayan milisakan 33 ba gaba ba baya. Wallahi 30 tsayayya ta fi daɗin hannu a kan wadda ke tsalle daga 55 zuwa 25, ban yarda ba sai da na gwada da kaina.

Na ɗan leƙa frame generation ma, wato ƙirƙiro ƙarin firem a tsakanin na asali. Na DLSS ba ya aiki a 3060, daga jerin RTX 40 ya fara, amma na FSR 3 yana yi. Lamba ta hau sosai, ido ya ji daɗi, hannu kuwa ya ji nauyi, ka juya linzami sai ka ji kamar cikin ruwa kake juyawa. AMD masu FSR da kansu sun ce a samu wajen 60 tukuna kafin a kunna, ni da ke fama da 30 ba nawa ba ne. Na kashe.

Riba ɗaya dai da zan iya nunawa, tunda katin zaune yake ba aiki, na ɗaga texture zuwa High, 12GB ɗin ya ɗauka ba gardama, abin da 4GB na 1650 ba zai iya ba. Hazo da hasken da ke dawowa daga kwalta su ma na ɗaga. DLSS na barshi a Quality, 720p yake zanawa, kuma gaskiya ya fi FSR tsabta a kan shinge da gashi. Hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma firem 30 ɗin nan da tsohon katina zai ba ni da FSR Quality in da na rage mutanen titi na kulle firem, kuma na riga na sayar da shi da araha don in cika kuɗin akwatin wuta.

Yanzu duk wanda ya ce min gem na sarƙe masa zai sayi kati, ce masa nake ya sauke resolution zuwa ƙasa ya koma daidai wurin da ke sarƙewar. In firem ya hau, to kati ne, upscaling, wato su DLSS da FSR, zai taimake shi. In bai motsa ba ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ni dai na sake shiga wani adashen, na firosesa da allon uwa da RAM, don 4590 DDR3 yake amfani da shi, duk sai an canza. Kwasata sai watan bakwai.