Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Na Je Bejin da Kuɗin Otal

A makon jiya mun tsaya a inda masana'antar da ke buga mana atamfa ta ce kaya ba za su haɗu ba sai bayan kwana goma. A watan Oktoba na 2018 ke nan, zuwana na shida birnin Gwanzu na ƙasar Chaina. Duk wanda ya san garin ya san ranar 15 ga Oktoba ake buɗe babbar kasuwar baje koli ta Canton, kuma da zarar ta matso, masu otal sai su manta da sanayya. Ɗakin da nake kwana a unguwar Xiaobei aka ce min daga jibi kuɗinsa ya ninka.

Da daddare na zauna da biro da ɗan littafin da nake rubuta lissafin Alhaji. Na buga kuɗin kwana goma a sabon farashi, na buga kuɗin jirgin ƙasa zuwa Bejin da dawowa da kwana huɗu a masauki mai araha, sai na ga tafiyar ta fi zaman sauƙi. Kunya ma ta kama ni. Shekara huɗu ina zirga-zirga a ƙasar nan, in an tambaye ni a Kwari yaya Chaina take, abin da na sani bai wuce kasuwa da sito da ofishin masu kwantena ba.

Na kira maigidana.

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in leƙa Bejin kafin kaya su fito."

"Kai, yawon buɗe ido na aike ka?"

Na karanto masa lissafin layi-layi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kada ka wuce yuwan 2,000. In ka wuce, a albashinka." Da wannan sharaɗin na tafi.

Jirgi iri biyu ne. Akwai mai gudun tsiya da aka buɗe layinsa a ƙarshen 2012, yana cinye kilomita kusan 2,300 cikin awa takwas, amma kujerarsa ta haura yuwan 800. Akwai kuma na talakawa, mai kwana a hanya, awa ashirin da 'yan kai, gadonsa kusan rabin wancan kuɗin. Dillaliyarmu, wata 'yar Chaina mai kula da lodin kayanmu, ita ta yankar min tikiti da lambar fasfona. Gadajen hawa uku ne, shida a kowane lungu, babu ƙofa. Na sama ya fi araha, shi na ɗauka, ban san cewa mutum ba ya iya zama a kansa ba sai ya rusuna kamar mai gaida sarki. A ƙarshen kowane tarago akwai famfon ruwan zafi kyauta, kowa na zuwa da kwanon taliyarsa. Ni garin rogo na jiƙa da ƙuli-ƙuli da na taho da shi daga gida. Wata tsohuwa ta yi ta leƙen kofina har na miƙa mata cokali. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ba ni lemo biyu, ina jin tausayina ta ji.

Mun isa tashar Bejin ta Yamma ranar Litinin bayan azahar, sanyi ya mare ni tun daga bakin ƙofa, don ni da rigar Gwanzu na zo. Masauki biyu suka mayar da ni, suka ce ba sa saukar da baƙin waje. Na uku, a cikin irin lungunan tsohon gari da suke kira hutong, ya ba ni gado a ɗakin mutum shida. Lungunan nan in ka cire rufin tayil mai ruwan toka, sai ka rantse cikin birnin Kano kake: katanga ta haɗe da katanga, tsofaffi a ƙofar gida, mai keke na ƙararrawa a ba shi hanya. Na sayi katin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tafiyarsa ke farawa daga yuwan 3, na sayi rigar sanyi ta gwanjo, na rubuta duka a littafi.

Talata na nufi Babbar Ganuwa. A lokacin, bas mai lamba 877 ke tashi daga Deshengmen kai tsaye zuwa wurin da ake kira Badaling, yuwan 12 kacal. Tun kafin in kai inda yake tsayawa 'yan kamasho suka tare ni, ɗaya har da riga kamar ta ma'aikata, suna cewa yau bas ba ya aiki, sai dai tasi. Wanda ya taso yana shiga mota a tashar Unguwa Uku ba a yi masa wannan. Na wuce su na zagaya bayan ginin, ga bas nan a jere. Sunan wurin ya yi ta ba ni dariya a hanya, Badaling, mu kuma badala. Shiga yuwan 40. Akwai keken igiya mai kai mutum sama, na duba littafina na ce ƙafa ta isa. Ban yi rabin awa ba na gane kurena, don wani matakin ya kai gwiwa, wani wurin kuma babu matakin ma, sai gangare mai santsi da ƙarfen riƙewa. Amma da na kai hasumiyar da na sa wa rai na juyo, na ga ginin dutse da bulo yana bin ƙoƙon duwatsu har inda ido ya gaza, sai na yi tsit. Tamu badalar da Sarki Gijimasu ya fara ta girmi wannan ɓangaren, wanda ginin daular Ming ne, amma mu muna kallo ana yankanta fuloti-fuloti. Hotuna kuwa na sha su. Iyalai daga ƙauyukansu suka yi ta jan hannuna a ɗauke mu tare, da ina karɓar yuwan ɗaya-ɗaya da na mayar da kuɗin bas.

Laraba ranar fada ce, wadda Turawa ke kira Haramtaccen Birni. Ba a buɗewa ran Litinin, kuma tikitinta ta intanet ake saye, yuwan 60 a wannan lokacin na shekara, fasfonka shi ne tikitinka. Ta dandalin Tiananmen ake bi, ƙarƙashin ƙofar da shugabansu Mao ya tsaya ya shelanta sabuwar ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1949. An gina fadar daga 1406 zuwa 1420, sarakuna 24 suka zauna a cikinta, ta zama gidan tarihi a 1925. Soro bayan soro, fili bayan fili, jan bango da rufi ruwan ɗorawa. Gaskiya ta burge ni, amma bayan awa uku duk zaurukan sun zame min iri ɗaya, kuma ta taga ake leƙen kujerar sarki, mutum ɗari na turereniya a bayanka. A bakin fita wasu 'yan mata biyu masu Turanci suka ce ɗalibai ne, in zo mu sha shayi su gwada Turancinsu. Dillaliyarmu ta riga ta gargaɗe ni cewa shayin nan kan ƙare da takardar kuɗi ta ɗaruruwan yuwan. Na ce da su azumi nake.

Abinci shi ne abin da na fi tsoro kafin in taso, sai ya zamo shi ya fi sauƙi. Na haddace siffar haruffa biyu da ake karantawa cingjen, wato halal, yawanci a kan koren allo. Duk inda na gan su akwai taliyar Lanzhou da ake ja da hannu a gabanka, da romon naman sa. Ita na ci rana da dare har ta fita raina.

Ran Juma'a na ɗauki jakata na shiga layi na 7 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Niujie, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Na wuce masallacin sau biyu ban gane shi ba, don babu ƙubba, babu doguwar hasumiya, rufinsa irin na fadar da na gani shekaranjiya. Wani dattijo mai farar hula ya ga ina waige-waige, ya ce "Assalamu alaikum", ya kama hannuna ya shigar da ni. A shekarar 996 aka kafa masallacin. A ciki akwai ayoyi da aka rubuta da wani salon Larabci mai kama da zanen buroshinsu, a gefe kuma kaburburan wasu shehunnai biyu da suka zo daga yamma suka rasu a ƙarni na 13. Mu a Kano gabas muke fuskanta, nan kuwa yamma aka juya, sai da zuciyata ta ɗan yi gardama kafin in tayar da kabbara. Huɗubar ban tsinci komai ba sai ayoyi da salati. Da liman ya fara Fatiha kuwa, da wani lanƙwasa harshe da ban taɓa ji ba, sai na ji hawaye na bin kumatuna, ni da ko a jana'iza ba na kuka.

Bayan sallama dattijon nan ya ja ni wani shago, ya saya min tsiren rago da wainar shinkafa mai danƙo da dabino a ciki. Na zaro kuɗi, ya buge min hannu. Ba ya jin Turanci, ba na jin Sinanci, da "Alhamdu lillahi" da "Masha Allah" muka yi hirar awa guda.

A tasha, ina jiran jirgin komawa, na haɗa lissafi: saura yuwan 140 cikin 2,000 na Alhaji. Ina cikin murmushi wayata ta yi ƙara. Saƙon WeChat ne daga dillaliya, hoton atamfarmu an buga an gama, da kalma ɗaya a ƙasa, wai in kira ta yanzu. Na buɗe hoton na ƙura masa ido. Zanen namu ne, amma launin ba shi Alhaji ya zaɓa ba, kuma kwantena guda ce cur.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.