Abincin da Badamagare zai nema a Sisiliya, Malta da Jarba, da inda kitsen alade yake ɓuya

Mutanenmu da dama in tafiya ta kai su tsibiran Bahar Rum sukan ƙare da burodi da shayi da gwangwanin sardin, don tsoron kada su ci abin da ba su sani ba. Tsoron yana da hujja, amma an sa shi inda bai kamata ba. Yawancin abincin gargajiya na tsibiran nan kifi ne da alkama da wake da ganye da man zaitun, kuma wasunsu ƴan uwan dambu da ƙosai da cuku ne na jini. Inda matsala take shi ne abin da ido ba ya gani: kitsen alade a cikin kwaɓin fulawa, da giya a cikin miya.

A fara da Sisiliya, tsibiri mafi girma a tekun, wanda yake ƙarƙashin Italiya. Ɗaliban fiƙihu sun san sunan Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan da ya yi karatu a wurin Imamu Malik. Shi ya jagoranci rundunar da ta sauka a Mazara a shekarar 827, Palarmo kuma ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zauna a hannunsu har 1072. Mulkin ya wuce, amma lemun tsami da rake da ɗabi'ar haɗa zaƙi da tsami a tukunya ɗaya sun zauna. Shi ya sa girkin yammacin tsibirin ya fi kama da na Tunisiya a kan na Milan.

Abu na farko da za a nema shi ne kuskus na Tarapani, wani gari a yammacin tsibirin, wanda su suke kira cùscusu. Ba na kwali ba ne da ake zuba wa ruwan zafi. Tsakin alkama ake zubawa kaɗan-kaɗan a wata faffaɗar kasko ta yumɓu mai suna mafaradda, ana yayyafa ruwan gishiri ana murzawa da yatsu a kewaye har ƙwayoyin su haɗu. Duk macen da ta iya murza dambu za ta gane aikin da kallo ɗaya. Sai a haɗa shi da man zaitun, yankakkiyar albasa, farsil, kirfa kaɗan da ganyen loriye, a ɗora a madambacin yumɓu, a liƙe mahaɗar madambacin da tukunya da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya tsere ta gefe. Yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A gefe guda ana dafa romon kifi iri-iri masu ƙaya da tumatir da tafarnuwa, a tace. Idan kuskus ya nuna sai a juye shi, a shayar da shi romon ludayi-ludayi, a rufe da bargo ya kwanta kamar rabin awa ko fiye. Wannan kwanciyar ce sirrinsa. In an gajarta ta, ƙwayar tana fitowa a bushe a ciki, romon kuma ya taru a ƙasan kwano. In an cika romon tun farko, ya zama tuwo. A gidan abinci mai kyau za a kawo maka ƙarin romo a ƙaramin kwano daban, kai ka ƙara daidai bakinka. Wanda tafiyarsa ta faɗo a watan Satumba, garin San Vito Lo Capo yana bikin kuskus duk shekara tun 1998. Tambaya ɗaya ce za ka yi kafin a zuba maka: ko an sa farar giya a romon, don wasu masu girki suna sawa.

A Palarmo kuwa cin titi ne ya yi suna, musamman a kasuwannin Ballarò da Capo da Vucciria. Ballarò za ta tuna maka da Kasuwar Dole ranar da ta cika, har da kirarin masu talla. A nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido.

Panelle babu abin tsoro a jikinta. Garin wani wake ne mai kama da ƙwaruru, wanda Larabawa suke kira hummus, Faransawa kuma pois chiche. Garam 500 na garin ake damawa a lita ɗaya da rabi na ruwan sanyi, da gishiri, sannan a ɗora a wuta ana tuƙawa ba tsayawa har ya yi kauri ya fara sakin gefen tukunya, a watsa farsil, a shafe shi siriri a kan faranti tun yana da zafi. In ya huce a yanka a soya, a cusa a burodi mai riɗi, a matsa lemun tsami. Mai son gwadawa a gida ya kula da abu uku. Garin in ya shiga ruwan zafi gudaji yake yi, ba ya kuma warwarewa. In an sauke shi bai gama dahuwa ba, watsewa yake a cikin mai. In kuma an yi jinkirin shafewa ko da minti biyu ne, ya daskare a tukunya. Kaurin da ake so bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Da man gyaɗa ko makamancinsa ake soyawa, sai dai ka leƙa ka ga ko mai rumfar yana sayar da wani abu da ake kira pane con la milza.

Wannan na biyun shi ne babban tarko, domin kamanninsa na gida ne sosai: saifa da huhun maraƙi a cikin burodi. Ka ji an ce naman sa ne, ka saki jiki. To a cikin narkakken kitsen alade ake soya shi, a gabanka, a wata karkatacciyar tukunya. Babu wata sigarsa ta gargajiya da ba haka ba, don haka a wuce shi kawai.

Arancina dunƙulen shinkafa ce da ake cusa wa wani abu a ciki, a birkiɗa ta a garin burodi a soya. A Palarmo zagayayya ce kamar lemu, a Kataniya kuma mai tsini ce, suna kiranta arancino, kuma gardamar sunan ba ta ƙarewa tsakanin garuruwan biyu. Iri biyu aka fi sayarwa, duka biyun kuma akwai magana. Mai nama, wato al ragù ko alla carne, sau da yawa niƙaƙƙen naman sa ne haɗe da na alade, an kuma dafa shi da giya. Ɗayar sunanta al burro, ma'ana mai man shanu, sunan da yake ruɗin baƙo, don a cikinta akwai ƴan gutsattsarin naman alade tare da cuku. Ka nemi mai alayyafo, agli spinaci, ko alla Norma mai yalon Turawa, ka kuma tambaya duk da haka.

Kalmomin da za ka riƙe ba su da yawa, ka rubuta su a waya. Maiale shi ne alade. Strutto da sugna kitsensa ne. Prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia da mortadella duk namansa ne. Vino giya ce, Marsala ma giya ce ta garin da yake ɗauke da sunan. In ka ce senza maiale kawai, wato ban da alade, mai sayarwa zai amsa maka da zuciya ɗaya cewa babu, domin a tunaninsa nama kake nufi, kitsen da ke cikin kwaɓi bai zo masa a rai ba. Sai ka ambaci strutto da sunansa: “C'è strutto?” Wannan tambayar ta fi muhimmanci a wurin masu gashin fulawa, don ƴan burodin nan masu laushi da ake cusa wa abubuwa a Palarmo da kitsen ake kwaɓa su. Haka cannolo, wanda kowa zai ce maka kada ka bar tsibirin ba ka ci ba. Farin cukun tumaki mai zaƙi da ke cikinsa lafiya lau ne, amma ɓawon a gargajiyance da strutto da Marsala ake kwaɓa shi, wasu ma a kitsen suke soyawa. Mutumin da ya saba da alkakin Damagaram bai yi babbar asara ba in ya bar shi. Ya sha granita, ƙanƙara ce niƙaƙƙiya lukui da lemun tsami ko kofi ko madarar almon, ta fi dacewa da zafin Yuli.

Idan an zauna cin rana, wanda a can ba ya farawa kafin ƙarfe ɗaya, na dare kuma sai wajen takwas, akwai kwano uku da ba nama a cikinsu. Caponata soyayyen yalon Turawa ne da seleri da albasa da tumatir da ƴaƴan zaitun, an ɗaure su da binegar da sukari, ana cin ta da sanyi, kuma ta kwana ta fi ta yau daɗi. Za ka ga wasu ƴan koraye masu gishiri a ciki, capperi, tohon furen wata bishiya ce da take dangi ɗaya da anza da jiga na dajinmu. Pasta alla Norma ta Kataniya taliya ce da miyar tumatir da soyayyen yalo da ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya, an goga busasshen cuku mai gishiri a sama. Ta ukun, pasta con le sarde, ita ce a ganina ta fi nuna hannun Larabawa: ɗanyen sardin, wani ganyen daji mai ƙamshi da ake kira finocchietto, zabibi, za'afaran, da soyayyen garin burodi a madadin cuku. Bakin da bai saba da zabibi a kan kifi ba zai yi turus a loma ta farko. A daure zuwa ta uku.

Maganar kuɗi a taƙaice. Yuro ɗaya sefa 656 ne, saboda haka yuro 3 kusan jikka biyu ke nan. A takardar biya za ka ga coperto, kuɗin zama ne na kowane mutum, ba kuskure ba ne. Gasasshen kifi kuma sau da yawa farashin da aka rubuta na etto ne, wato garam 100. Kifi mai garam 700 da aka rubuta masa yuro 7, yuro 49 za ka biya. Ka sa a auna a gabanka kafin a ɗora a wuta.

Daga Pozzallo a kudancin Sisiliya jirgin ruwa yana kai mutum Malta cikin ƙasa da awa biyu. Harshensu daga Larabci ya samo asali, wanda ya yi makarantar allo zai tsinci ƙidayarsu. Abin nema a can shi ne ġbejna, ƙaramin cukun tumaki na tsibirin Gozo, akwai ɗanye, akwai busasshe, akwai wanda aka birkiɗa a masoro. Busasshen ɗan uwan cukun Buzaye ne, sai dai ya fi shi gishiri da kauri. Akwai aljotta, romon kifi da shinkafa da tafarnuwa, akwai kifin lampuki da ake kamawa daga tsakiyar Agusta zuwa Disamba. Zomon da suke alfahari da shi, stuffat tal-fenek, a jar giya ake jiƙa shi a kuma dafa shi. Pastizzi kuwa, gasasshen ɓawon fulawa da ake cusa wa cuku ko wake, sai an tambayi kitsen da aka yi kwaɓin da shi.

Wanda ba ya son ya yi ta tambaya a kan kowace loma, Jarba ta Tunisiya ce tsibirinsa. Yanka na Musulmi ne, Faransancin da muke yi a nan kuma ya ishe ka ciniki. Abincin da ya ɗauki sunan tsibirin shi ne ruz jarbi, kuma dambun shinkafa ne ba wani abu ba. Ga yadda ake haɗa shi: rabin kilo na doguwar shinkafa, a wanke a tsane, ba a tafasa ta. Alayyafo ko ganyen silƙ, wani faffaɗan ganye mai kama da shi, dami biyu manya, farsil dami ɗaya, albasa biyu, karas biyu, duk a yanka ƙanana. Nama ko hanta kamar garam 300, a yanka kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Cokali biyu na tumatirin gwangwani, cokali ɗaya na harisa, wato niƙaƙƙen jan barkononsu, tafarnuwa, kurkum, busasshen na'ana'a, gishiri, da rabin kofi na man zaitun. A cakuɗa duka da hannu a ɗanye, a zuba a madambaci. Bayan rabin awa a juye a faranti, a motsa, a yayyafa ruwa kaɗan, a mayar. Sau biyu ko uku ake haka, jimilla awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ruwan da ganyen yake saki shi yake dafa shinkafar, don haka mai rowar ganye zai sauke ta da tsatstsauran ciki. In an danna haɗin a madambaci tururi ba ya ratsawa, ƙasa ta caɓe sama ta zauna ɗanya. In naman ya yi girma, shinkafa ta riga shi nuna. Wannan kwano ne da za a iya yi a Birni ko Zango ba tare da an nemo komai daga waje ba, da man gyaɗa a madadin na zaitun, da zogala a haɗa da alayyafo, sai dai zogala ba ta da ruwa kamar alayyafo, dole a ƙara yayyafi.

Kifi kuwa a kasuwar Humt Suk, babban garin tsibirin, ake sayensa da safe, inda dillali yake zaune a kan doguwar kujera yana ɗaga kifin da aka shirya a igiyar kaba, masu saye suna ƙara farashi. Ka sayi naka, ka miƙa wa ɗaya daga gidajen abincin da ke kewaye, su gasa maka su haɗo da salati da burodi a kan kuɗin aiki. Ka duba idon kifin ya zama garau, ƙasan kunnensa ja, jikinsa kuma in ka danna ya dawo. Ka gwada brik, siririn ɓawon fulawa da aka naɗe ƙwai da kifin ton a ciki aka soya. Da hannu ake ci, daga gefe, a sunkuye, don gwaiduwar ɗanya-ɗanya ce, rigar shadda ba ta yafe ta.

Abin sha biyu ne za a kula da su a can. Buha giyar ɓaure ce, fara tas kamar ruwa. Lagmi kuma ruwan itacen dabino ne da ake tara cikin dare, da sassafe zaƙi ne zalla, amma zafin rana yana juya shi cikin ƴan awoyi. A sha shi da hantsi daga mai sayarwar da yake ajiye shi a ƙanƙara, in ya fara kumfa ko tsami a bar shi.